Ɗaɗɗoya: Tsakanin Ganye da Kwalba



Duk wanda ya ratsa layin 'yan ganye a kasuwar Sabon Gari ta Zariya da hantsi ya san ƙamshin ɗaɗɗoya. Bayarabiya ta zo neman efinrin, 'yar ƙabilar Ibo ta ce nchanwu za ta sa a farfesu, Bahaushiya kuma ta sayi ƙulli ɗaya don shayi ko don tafasa wa mai mura. Sanin Bahaushe da wannan tsiro ba na jiya ba ne: likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai da Hausa tun 1916, kuma ɗaɗɗoya na cikinsu.

Sabon abu shi ne 'yar kwalbar da ake tallata ta a waya, wato man ɗaɗɗoya. Ana samunsa ne ta hanyar ratsa ganyen da tururi, a sanyaya tururin, man ya taso a kan ruwa. Sau da yawa kilo 100 na ɗanyen ganye ba ya ba da kilo 1 na mai. Ke nan ɗigo kaɗan na ɗauke da ƙarfin tarin ganye, kuma a nan amfaninsa yake, a nan haɗarinsa yake.

Amfanin ba tatsuniya ba ne. Babbar ɗaɗɗoya, wadda masana ke kira Ocimum gratissimum, tana da sinadarin timol ko yujinol. Yujinol shi ne ƙamshin kanumfari, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna aiki da shi. Timol da yujinol dukansu suna kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. A Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Farfesa Lara Orafidiya da abokan aikinta sun gwada man a kan kurajen fuska, suka ga alamun nasara. An kuma gwada shi a kan ƙwaron da ke huda wake a ajiya, ya kashe shi. Wannan batu ya shafi Samaru ta Zariya kai tsaye, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke cikinta, wadda tushenta ya faro a 1922, ita ce ta fitar da irin waken SAMPEA.

Sauro ma yana gudun ƙamshinsa, amma man yana saurin bin iska. Ba zai tsare yaro har asuba ba, don haka gidan sauro na nan a matsayinsa.

Sai batun kiyayewa. Wasu nau'o'in ƙaramar ɗaɗɗoya, Ocimum basilicum, suna cike da sinadarin estragol, wanda ya haddasa ciwon dajin hanta a jikin ɓerayen gwaji da aka ɗura wa shi da yawa. Shi ya sa hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar taƙaita shi. Ganyen da ake sawa a miya bai kai wannan mizani ba. Zallar man kuwa ba na sha ba ne, kuma yana ƙona fata. Mai son shafawa ya sa ɗigo 1 ko 2 a cokalin shayi na man kwakwa ko na zaitun, ya fara gwadawa a damtse, ya jira kwana guda. Mai juna biyu, mai shayarwa da jarirai su nisance shi, kwalbar kuma a ajiye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Babbar matsalar mai saye ita ce ido ba ya bambance kwalba mai timol da mai estragol, balle wadda aka gauraya da turare. Zariya tana da masu iya bambancewa: Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa. Abin da ake roƙonsu shi ne su auna ɗaɗɗoyar da ake nomawa a fadamun Zazzau, su bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Kafin nan, mai saye ya duba sunan tsiron da lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba.