Jawabi Kan Neman Tallafin Karatun Digiri na Biyu



Da yawa daga cikinmu sun samu gurbin karatun digiri na biyu, amma rashin kuɗin makaranta ya sa gurbin ya kuɓuce musu. Wasu sun sayar da gona, wasu sun ci bashin ruwa da ya lamushe albashinsu. Saboda haka ya wajaba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Lamunin NELFUND, wanda dokar 2024 ta tanada, ba shi da ruwa, sai dai ya fi dacewa da 'ya'yanmu masu karatun farko a manyan makarantun gwamnati. TETFund kuwa malaman jami'o'i da kwalejoji yake ɗaukar nauyinsu. Mu malaman firamare da sakandare, hanyoyinmu su ne hukumar tallafin karatu ta jiha, da tallafin Commonwealth da ake nema ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, da Chevening na Birtaniya, wanda ke neman shekara biyu ta aiki, sharaɗin da yawancinmu muka cika.

Mu nemi cikakken sakamakon jami'a da wuri, domin fitarsa kan ɗauki watanni. Mu tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da wasiƙun masu shaida. Kada kuma kowa ya bar aji sai hutun karatu ya fito a rubuce, domin alkawarin baki ba ya kare albashi.

Idan rance ya zama dole, mu fara da ƙungiyarmu ta gama-kai.

Allah ya sa mu dace.