Jawabin taron iyalai a Pelebina: Mu bar gadagi ya zubar da iri

 

Koke biyu ne suka fi yawa a teburin ofishin kariya da rani. Na farko, mata da yara suna nisa cikin daji neman ciyawa, inda ba mai jin kiransu in wani abu ya faru. Na biyu, akuya ko tunkiya ta shiga gonar doya ko lambun kaju na masu masaukinmu, magana ta kai gaban mai gari. Tushen duka biyun ɗaya ne: ba abincin bisashe kusa da gida. Shi ya sa yau za mu yi maganar ciyawa.

Dukanmu mun san gadagi, wanda ake ɗaurewa dami-dami ana sayar wa masu kiwon rago da doki. Dangin wake ne da gyaɗa. In kun tuge shi za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. A cikinsu ake tara sinadarin nan da muke saye da tsada cikin buhun takin yuriya. Wato yana ciyar da dabba, yana kuma gyara ƙasa.

Gadagi shekara ɗaya yake yi ya mutu, amma irinsa na da ɓawo mai tauri, ruwa ba ya ratsa shi nan take. Wani ya tsiro bana, wani sai baɗi, wani sai zafin rana ya fasa ɓawon bayan shekaru. Ko ruwan farko ya yaudare mu tsiro ya ƙone, akwai saura a ƙasa. Amma in muka yanke shi tun yana fure, shekara bayan shekara, rumbun nan na ƙasa zai ƙare.

Akwai ɗan'uwansa da ake kira sitailo, wanda aka kawo daga ƙasashen Amurka ta Kudu. A shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta gwada shi tare da Fulanin yankin Kachia a jihar Kaduna. Sukan killace fili kamar hekta 4, shanu su ci da rani. Bayan shekara 2 ko 3 aka shuka masara a wurin, ta fi ta filin da ba a yi haka ba kyau. Ruwan da Djougou ke samu daga Mayu zuwa Oktoba ya ishe shi.

Ga abin da muke roƙo:

1. Mai gonar aro ya fara neman yardar mai ƙasa, a gaban mai gari da shaidu, kan shekara nawa zai riƙe ta. Kada mu kafa shinge kafin wannan.

2. Mu raba gonar. Gefe ɗaya masara ko dawa, ɗayan gadagi ko sitailo. Bayan shekara 2 mu juya.

3. Kafin shuka, mu murza irin da yashi a hankali don ɓawon ya ɗan goge. Irin sitailo kuma ana jiƙa shi kamar minti 10 cikin ruwan zafin da aka sauke daga wuta ya ɗan huce, sannan a shanya a inuwa. Kada a binne shi da zurfi.

4. Kada mu yanke duka. Mu bar wani sashe har iri ya nuna ya zuba.

5. Mu share gefen fili tun kafin hunturu saboda wutar daji.

Mai neman irin sitailo ya tambayi malaman gona na ATDA a Djougou. Wanda Faransanci zai ba shi wuya ya zo ofis, za mu fassara masa. Irin gadagi kuwa muna iya tarawa da hannunmu a ƙarshen damina, mu tafi ƙungiya-ƙungiya, kada a aiki yaro shi kaɗai.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya da maƙwabtanmu.