Burodin Gyaɗa Na Gida: Ba Yis, Ba Ƙwai, Ba Obin

  Wannan shi ne jawabin da na yi a zamanmu na mata da ya gabata. Da yawa sun ce ba su samu zuwa ba, wasu kuma sun ce awon ya shige masu, shi ya sa na rubuto shi.

Kowace uwa a cikinmu ta san tashin safe: yara sun sa kayan makaranta, kowa ya miƙo hannu, kuɗin tara. Burodin da a da guda ɗaya ke isar gida, yau sai an yi lissafi kafin a saye shi. To akwai wanda za ki yi da hannunki, a tukunyarki, kuma duk kayansa suna nan Babbar Kasuwa.

Gyaɗa dai tamu ce. Iyayenmu su suka noma wadda aka tara dalar gyaɗa a Kano, kafin fari da cutar da ta faɗa wa gonaki a 1975 su karya nomanta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarta sinadarin gina jiki ne, kusan rabinta kuma mai. Shi ya sa yaron da ya ci ta da safe yake daɗewa bai ji yunwa ba. Irin wannan burodin ma matan Amurka da Kanada sun riƙe shi a shekarun 1930, lokacin da talauci ya matse su, don ba ya cin ƙwai ko bota.

Mu fara daga kasuwa, don can ake yin kuskuren farko. In kin je layin masu gyaɗa, kar ki tsaya a ta saman kwano. Sa hannu ƙasa ki ɗebo, ki ɓare, ki sunsuna, ki tauna ɗaya. In kin ji warin ruma ko ɗaci, ko kin ga ta yamutse, ta yi baƙi ko fumfuna, ki bar ta ko da rabin kuɗi aka ce. Araha ba ta ado. Fumfunar gyaɗa na ɗauke da wata guba da likitoci ke kira afulatoksin, tana lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ni kaina na taɓa kwasar mai araha, da na zauna tsinta sai da na zubar da kusan rabi. Ko mai kyau kika saya, ki baza a faifai ki tsince.

Sai ki soya ta a yashi sama-sama, kar ta ƙone. Ki murje, ki fece ɓawon, ki kai inji a markaɗa ta yi laushi, ba ruwa. Ki tsaya ki ga an goge injin, in ba haka ba burodinki zai fito da yajin attaruhun wata. Wadda tunkuza gare ta, wato an riga an matse man, ta ƙara man gyaɗa cokali uku babba, don kar ya bushe.

Ga awon, da ƙaramin gwangwanin madara:

Fulawa, gwangwani 3
Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, gwangwani 1
Sukari, rabin gwangwani
Ruwa gwangwani 2, a dama madarar gari cokali 4 babba a ciki
Bakar hoda, ƙaramin cokali 4
Gishiri, rabin ƙaramin cokali

Kafin ki taɓa kwaɓi, ki fara ɗora tukunya. Zuba yashi mai tsabta a ƙasanta, kaurin yatsa biyu, ki jera ƙananan duwatsu uku a kai, ki rufe ta yi zafi kamar minti 10. Dalili kuwa, bakar hoda tana fara aiki ne da zarar ta ji ruwa. In kika kwaɓa sannan kika tafi hura gawayi, ƙarfinta ya tafi, burodi ya kwanta.

Ki tankaɗe fulawa da bakar hoda da gishiri da sukari a kwano ɗaya. A wani kwanon ki dama gyaɗar da madara, kaɗan-kaɗan, har ta saki ba gudaji. Sai ki juye a kan fulawar ki juya. Don Allah a nan a saurare ni: wannan ba kwaɓin fanke ba ne da ake bugu. Da garin ya ɓace, ki tsaya. Yawan juyi shi ke sa ya yi tauri kamar roba.

Shafa mai a gwangwanin gashi, ki barbaɗa fulawa, ki zuba kwaɓin, kar ya wuce kashi biyu cikin uku, don zai tashi. Ɗora a kan duwatsun, ki rufe. Wuta kaɗan a ƙasa, garwashi kaɗan a kan murfi. Babban gwangwani minti 50 zuwa awa ɗaya, ƙananan na kek minti 20 zuwa 25. Mai obin ta sa a 170. Kar ki riƙa buɗewa kina leƙe, kamar mai jiran baƙo. In lokaci ya yi ki soka tsinke mai tsabta a tsakiya. Ya fito ba danƙo, ya gasu. Ranar da na fara yi, gaggawa ta sa na cika wuta, ƙasa ya ƙone, ciki ɗanye, yara suka yi ta yi mani dariya. Sannu ba ta hana zuwa. Ki bari ya huce kafin ki yanka, in ba haka ba zai marmashe.

Gargaɗi biyu. Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa. In yaro ya ci kika ga kumburin leɓe ko fuska, ko numfashi na yi mashi wuya, asibiti nan take. Na biyu, mun san abincin leda da ake ba yara masu tamowa a asibitocin Katsina da gyaɗa ake yin shi, amma haɗinsa daban ne. Yaron da ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi a auna shi, kar a tsaya ga burodi.

Masu son su mayar da shi sana'a, ku ɗauki biro. Rubuta fulawa, gyaɗa, sukari, madara, gawayi, kuɗin niƙa, leda, har kuɗin Napep zuwa kasuwa. Raba jimillar da yawan da kika samu, shi ne kuɗin guda ɗaya a wurinki, sannan ki ɗora riba. Da yawanmu nan muke karyewa, mu manta gawayi da kuɗin mota, muna murna ana ciniki, ashe uwar kuɗi muke ci. Ki fara da kwaɓi ɗaya, ki ba maƙwabta su ɗanɗana, kuma ki faɗa wa mai saye akwai gyaɗa ciki. Ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a zafin nan namu, don haka ki yi daidai wanda zai ƙare.

Zama mai zuwa duk wadda ta gwada ta zo mana da nata, ko ya yi kyau ko ya ƙone, mu gyara tare. Wadda ke da maƙwabciya marar waya, ta karanta mata.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya raya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya a Katsina da ƙasa baki ɗaya. Amin.