Jawabi Kan Karayar Idon Sawu Da Mutuwar Ƙashi

Iyayenmu dattawan Bangi, da 'yan'uwa masu bida da suka dawo gida, barkanku da zuwa.

Maganar da muka kawo yau ta karayar idon sawu ce, wadda ta yi yawa tun da kabu-kabu suka cika hanyoyin Madawa da Buza da Kaita. Ga kuma yaranmu masu aikin gini a Legas da Abijan, waɗanda kan faɗo daga bisa su dira kan ƙafa.

To, cikin idon sawu akwai wani ɗan ƙashi, likitoci na ce masa talus. Yana tsakanin ƙwauri da dunduniya, nauyin mutum duka a kansa yake sauka. Fiye da rabinsa guringuntsi ya lulluɓe shi, kuma ba tsoka ko ɗaya da ta manne masa. Don haka jini ba ya shigarsa sai ta 'yan ƙananan jijiyoyi. In ya karye har ya goce, jijiyoyin nan kan tsinke, ya zama kamar fangalin albasa da aka datse wa ruwa. Fata ta warke, kumburi ya saɓe, amma ƙashi yana mutuwa a ciki. Yaro ya ga ya samu sauƙi, ya koma bida. Bayan watanni, wani sai shekara ta zagayo, ƙashin ya rufta, gaɓa ta sage, kowane taku sai da zogi.

A 1970 wani likitan Amurka mai suna Hawkins ya nuna cewa gwargwadon gocewar ƙashin, gwargwadon haɗarin mutuwarsa. Ya kuma nuna hoton da aka ɗauka mako 6 zuwa 8 bayan karaya yakan ba da alamar ko jini na shiga.

Ba mu raina maɗoranmu ba, gadonsu ne, kuma sun tayar da mutane da yawa. Amma wannan karaya hannu ba ya gane ta, sau da yawa a ɗauka targaɗe ne. Ja da murza suna iya ƙarasa jijiyar da ta rage, ɗaurin kara mai tsanani kuwa ya daɗa hana jini tafiya.

Saboda haka wanda ya dira kan ƙafa ya kasa takawa, kada a tilasta masa. A ɗaga ƙafar, a kai shi asibitin Madawa ko na Galmi ran nan, a ɗauki hoto. In ƙashin ya goce, mayar da shi ba ya jira, galibi sai an yi aiki an sa kusoshi. Daga nan sanda ce wata 2 ko 3, ko da ciwo ya tafi. Mai shan taba ya ajiye ta, tana hana ƙashi haɗewa.

Mun san abin da ke tsai da mutane kuɗin mota ne. Muna roƙon iyayenmu su duba, a zama mai zuwa, ko asusun ƙungiya zai ɗauki wannan. Wassalam.