MUTANEN OGIYEK DA DAJIN MAU: WA KE DA ƘASA?

Jawabin da za a karanta a taron kowane reshe



Maganarmu ta yau a kan wata al'umma ce ta ƙasar Kenya, can gabashin Afirka, wadda ake kira Ogiyek. Da yawa cikinmu ba su taɓa jin sunansu ba. Amma shari'ar da suka yi da gwamnatin ƙasarsu ta shafi duk mai gona da duk mai garke, gama tambayar da aka kai gaban alƙalai ita ce: mutanen da suke zaune a wuri tun kaka da kakanni, amma ba su da takardar fili, suna da haƙƙi a kansa ko ba su da shi?

SU WANE NE OGIYEK

Mazauninsu shi ne dajin Mau, daji mai tsaunuka da sanyi, wanda faɗinsa ya kai wajen hekta 400,000. Daga cikinsa koguna da yawa suke tasowa, har da kogin Mara mai zuba a tafkin Biktoriya. A ƙidayar Kenya ta 2019, Ogiyek sun ɗan haura mutum 50,000. Sana'arsu ta asali farauta ce da ɗiban zuma. Suna fafe kututture su yi amya, su rataye ta can saman itace. Kowane dangi yana da nasa yankin daji, kowa ya san iyakarsa, ba mai taɓa amyar wani. Zuma ce abincinsu, ita ce maganinsu, da ita ake zuwa neman aure. To, ku duba da hankalinku: wanda cinsa da shansa ke rataye a kan furen itace, shi ne zai sare itacen?

Maƙwabtansu masu shanu sun laƙaba musu suna Dorobo, wato matsiyatan da ba su da ko saniya. Turawan Ingila da suka zo, wannan sunan raini suka rubuta a takardunsu. Ku riƙe wannan, ƴan'uwa: kafin a ƙwace wa mutum ƙasarsa, sai an fara ƙwace masa sunansa.

YADDA AKA RABA SU DA DAJIN

A 1932 gwamnatin mulkin mallaka ta naɗa kwamitin binciken filaye ƙarƙashin wani Bature, Morris Carter. Kwamitin ya ba da shawara a kwashe Dorobo a zuba su cikin yankunan manyan ƙabilun da ke kusa da su, su narke a can. Ba a ware musu ko taki ɗaya da sunansu ba. Dajin kuwa ya zama gandun gwamnati, mai shi ya zama ɓarawo a gidansa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. A 1935 Faransa ta kafa doka a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, cewa duk filin da ta ga babu kowa a kai, babu mai shi, na gwamnati ne. Wa ke faɗin babu mai shi? Kumandan ne, daga cikin ofishinsa. Saurar da manomi ya bari ta huta, makiyayar da garke ke dawowa cikinta kowace damina, duk a idonsa fili ne marar ubangiji.

Kenya ta sami ƴancin kai a watan Disamba na 1963. Bature ya tafi, dokarsa ta zauna. Gwamnatocin da suka biyo baya suka ci gaba da korar Ogiyek, suna ba masu katako izinin sara, suna yanka daji suna rabawa. A 2001 kaɗai an cire wajen hekta 60,000 daga gandun Mau don a zaunar da mutane. Da dajin ya ragu, koguna suka fara ja baya, sai aka nemi mai laifi. A watan Oktoba na 2009 hukumar gandun daji ta ba Ogiyek da sauran mazauna wurin kwana 30 su fita, wai don a tsare ruwan ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

SHARI'AR ARUSHA

Ogiyek ba su ɗauki baka da kibiya ba. Sun haɗa kansu, suka kai ƙara gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka a 2009. A 2012 hukumar ta miƙa maganar ga Kotun Afirka da ke Arusha, ƙasar Tanzaniya. Dattawa suka je suka ba da shaida da bakinsu. Dokar da aka yi shari'ar da ita kuwa, wato Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin mutum da na al'ummai, a Nairobi, babban birnin Kenya, shugabannin Afirka suka amince da ita a 1981.

Ranar 26 ga Mayu 2017 kotu ta yanke hukunci. Ga abin da ta tabbatar.

Na ɗaya, Ogiyek al'umma ce ta asali, kuma dajin Mau ƙasar kakanninsu ce, ko da takarda ko babu.

Na biyu, Kenya ta tauye musu haƙƙin ƙasa, da na addini, da na al'ada, da na cin arzikin ƙasarsu, kuma ta nuna musu bambanci da ta ƙi lissafa su cikin ƙabilu kamar kowa.

Na uku, gwamnati ba ta kawo hujjar da ta nuna su ne suka lalata dajin ba. Babbar ɓarnar ta zo ne daga masu kutse, da masu katako, da filayen da ita gwamnatin ta yanka.

Ranar 23 ga Yuni 2022 kotu ta koma kan diyya. Ta ce a biya su sulen Kenya 57,850,000 na asarar dukiya, da sule 100,000,000 na wulaƙancin da suka sha. Ta ce a shata musu iyakar ƙasarsu, a ba su takarda guda da sunan al'umma duka, kuma kada a ƙara ƙulla wani abu a kan dajin sai an yi shawara da su.

Kuna tsammani magana ta ƙare? A watan Nuwamba na 2023 masu gadin daji suka shiga ƙauyen Sasimwani, suka rushe gidaje, suka bar ɗaruruwan mutane a fili cikin ruwan sama. Hukunci yana hannunsu, rufin ɗaki babu.

AMSA GA MASU CEWA DUKANMU ƴAN ASALI NE

Akwai masu cewa, ai a Afirka kowa ɗan asali ne, Bature ne kaɗai baƙo, don me za a ware wasu? Da aka jefa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 13 ga Satumba 2007 a kan sanarwar haƙƙin al'ummai na asali, ƙasashe fiye da 140 suka yarda, 4 suka ƙi, 11 suka janye jiki, cikinsu har da Kenya da Najeriya.

Amsar da Hukumar Afirka ta bayar tun 2003 ta isa. Ba ana tambayar wa ya riga wani zuwa ba ne. Ana duba al'ummar da rayuwarta ke ɗaure da wani daji ko wata makiyaya, wadda ake raina sana'arta, wadda ba ta da murya a inda ake raba fili. Irin waɗannan, in aka ɗauke musu wurin, ba talauci kaɗai za su yi ba, su kansu za su ɓace, da harshensu da sanin da suka gada. Ba a neman a ba su fiye da kowa. Ana neman abin da kowa ke da shi ya kai gare su.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan Nijar muna da dokar 1961 da ta sa iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya wurinsu. Muna da dokar kiwo ta 2010 da ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Labarin Ogiyek ya koya mana cewa doka a takarda ba ta tsare kowa sai jama'a sun tsaya a kanta. Saboda haka muna roƙon kowane reshe abu uku.

Ku san burtali da mashaya da makiyayar da ke yankinku, ku san wanda ya shuka a ciki da wanda ya ba shi izini.

In ana zaman raba fili ko haƙa rijiya, ku tambaya ko an kira Fulani da Abzinawa da Tubawan da ke amfani da wurin. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Sunayen raini da ake jifan mutanen daji da su ranar kasuwa, kada a ji su a bakin ɗan jam'iyya. Kun ji inda sunan Dorobo ya kai masu shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kai takardar ƙauye da ruga. Allah ya ba mai gaskiya gaskiyarsa. Wassalam.