Kantin Malam Hooper da Mai Tiredan Unguwarmu



An ɗora mini in yi magana a kan shirye-shiryen yara na talabijin, amma ni kan kanti ɗaya tak zan tsaya. Ran 10 ga Nuwamba 1969 aka fara nuna shirin Sesame Street a Amurka. Masu shirin ba su shigar da yara aji ba, sai suka gina unguwar talakawa irin ta manyan biranensu, suka kafa ɗan kanti a cikinta. Mai kantin wani dattijo ne, Malam Hooper, mai tabarau, mai ɗan faɗa amma ba ya riƙo. Babban abokin cinikinsa kuwa wani ƙaton tsuntsu ne rawaya, Big Bird, wanda kullum sai ya ɓata sunan dattijon, shi kuma ya gyara masa.

Duk wanda ya tashi a Jega ko Aliero ko Maiyama ya san dalilin zaɓen kanti. Wurin mai tireda ne yaro ke fara hulɗa da babban da ba ubansa ba, ba malaminsa ba. A aike shi sayen ashana da gishiri, ya gaida, ya miƙa kuɗi, ya ƙirga canji, in ya yi kuskure ya sha faɗa a gida. Tun bai shiga firamare ba ya iya ɗebewa. Ran da babu kuwa, ya je ya ce Inna ta ce a rubuta, mai tireda ya rubuta, kuma ba mai jin zancen a bakinsa.

A Disamban 1982 Will Lee, watau wanda ke fitowa a matsayin Malam Hooper, ya mutu. Da masu shirin sun so, da sun ce ya yi ƙaura, ko su sa wani ya maye gurbinsa. Ba su yi haka ba. Sai da suka shawarci masana halayyar yara, sa'an nan ran 24 ga Nuwamba 1983 aka nuna manyan unguwar suna gaya wa tsuntsun nan cewa mai kanti ya mutu, ba zai dawo ba, amma akwai masu kula da shi. Kanti ya koma hannun David, yaron shagon. Mu fa? Sau nawa muka ce wa maraya Baba ya yi tafiya, muka bar shi yana leƙen zaure? A ganina a nan sun fi mu gaskiya, alhali mu ne ke da'awar mun fi su tuna mutuwa.

A 2011 Nijeriya ta sami nata, Sesame Square, a tashar NTA, da Zobi direban tasi mai son doya, da Kami, yarinya mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda ta fara fitowa a Afirka ta Kudu a 2002. Madalla da ƙoƙari. Sai dai yaron Aliero, wanda ya buɗe ido cikin rumbunan albasa, ba doya ce za ta ja hankalinsa ba.

Cikinku akwai masu shiga ma'aikatar ilmi, akwai masu shiga ta watsa labarai. In an ce muku ba kuɗin shirya wa yaranmu nasu, ku lissafa musu kayan aikin: rumfa ɗaya, benci, mudu, buhun albasa, da dattijo mai littafin bashi.