Idan Jini Ya Yi Wa Zuciya Ƙaranci

Jawabin wani malamin asibiti ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Taloka



Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannunka. Aikinta tura jini ko'ina a jiki. Ta baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya.

Ita ma zuciya da jini take rayuwa. Tana da nata jijiyoyi masu kai mata shi. Kun san yadda ruwan madatsar Goronyo ke bin hanyoyi zuwa gonakin rani. In hanya ta toshe, albasa sai ta yi yaushi. Haka ma in kitse ko gudan jini ya toshe jijiyar zuciya. Abu biyu ke faruwa.

Na farko, ƙarfinta ya ragu. Kafin minti ɗaya ya cika, wurin da bai sami jini ba ya kasa matsawa sosai.

Na biyu, bugunta ya rikice. Allah ya halicci zuciya da ɗan lantarki nata. Shi ke ba ta lokacin bugawa, kamar makaɗin gayya da manoma. In jini ya yi ƙaranci, kiɗan sai ya ɓaci. Zuciya ta yi ta gaggawa ko tsallake. Wani lokaci ta kama karkarwa, mutum ya faɗi nan take.

In jijiyar ta toshe gaba ɗaya, bayan minti 20 zuwa 30 tsokar wurin ta fara mutuwa. Wadda ta mutu ba ta dawowa.

Ga alamomi: nauyi a ƙirji kamar an ɗora maka buhun gero, ciwo mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, gumi mai sanyi, da sarƙewar numfashi. Wanda ya ji haka ya bar aiki, ya zauna. Kada a ce iska ce ko sammu. Kada a jira gari ya waye. A nemi mota zuwa asibiti. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato akwai na'ura mai zana lantarkin zuciya a takarda. Da zanen likita ke gane inda cutar take.

Hawan jini, ciwon suga, taba da ƙiba su ke lalata jijiyoyin nan. Ku riƙa zuwa awon jini. Ku rage gishiri, ku bar taba. Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

Allah ya ba mu lafiya.